Samaru da Bagauda: Tarihin Yadda Makaranta ke Ciyar da Gari

Duk sa'ad da aka taso da zancen ci gaban kudancin Jihar Kano, watau ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, abin da mutanenmu suka fi roƙo shi ne a kawo musu babbar makaranta. In ka tambayi dalili, sai a ce maka ai ga Samaru nan, ƙauye ce a da, yau kuwa dubi yadda jami'a ta mai da ita. Wannan magana da gaskiya a cikinta, amma ba dukkan gaskiyar ke nan ba. Nufina a wannan ɗan bayani shi ne mu bi tarihin Samaru da Zariya mu ga ta wace hanya kuɗin makaranta ke shiga aljihun talaka, sa'an nan mu dawo gida mu duba Bagauda, inda aka ajiye mana babbar makaranta shekaru ashirin da wani abu da suka wuce, amma har yanzu ba a ga birni ya tsiro a gefenta ba.

Kafin mu je can, ya kamata mai karatu ya tuna cewa wannan yanki namu ya taɓa ganin arzikin baƙi tun babu boko.

Bebeji a zamanin fatake

A shekarar 1826 wani Bature matafiyi, Hugh Clapperton, ya bi ta Bebeji a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano. Ya ƙiyasta mutanen garin tsakanin dubu 20 zuwa dubu 25, ya kuma lura cewa sana'arsu fatauci ce. Ba abin mamaki ba ne, domin garin yana kan babbar hanyar ayari, kuma mazaunin Agalawa ne, waɗanda suka shahara da fataucin goro daga Gwanja. To, ayari in ya sauka a zango, ba madugu kaɗai ke kashe kuɗi ba. Fatoma zai sami ladan masauki da na dillanci, mai ciyawa zai sayar wa masu jakai, matan aure za su aika da tuwo da fura, maƙeri da baduku da mai wanki kowa zai lasa. Baƙo ne ke zuwa da kuɗinsa, ya ci, ya kwana, ya wuce, wani ya biyo sawunsa. In mai karatu ya riƙe wannan siffa zai ga ba ta da bambanci ƙwarai da ta garin ɗalibai.

A nan Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. A farkon Fabrairun 1903 rundunar Turawa da ta taso daga Zariya ta harba igwa a ƙofar garin, aka kashe mutane har da sarkin garin, ranar 3 ga watan kuma Kano ta faɗi. Amma a ganina ba igwa ce ta karya kasuwar Bebeji ba, dogo ne. Layin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya bi ta Ɗangora da Yako a ƙasar Ƙiru, ya bar birnin Bebeji a gefe. Goro ya koma biyo teku zuwa Ikko, daga can a ɗoro shi a jirgi, ayari ya rage sauka. Shi kansa Ɗantata a birnin Kano ya kafa gidansa da kasuwancinsa, can ya shiga sayen gyaɗa, can ya rasu a 1955.

Haka kuma ta faru da Riruwai a ƙasar Doguwa. Mutanen wurin suna narka kuza tun kafin zuwan Turawa, daga baya kamfanoni suka shigo, ma'aikata suka taru daga ko'ina. Da farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, garin ya ji a jikinsa.

Zariya kafin jami'a

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka jami'a ta sauka ne a daji ita kaɗai ta haifi gari. Ba haka aka yi ba. Dogon nan da ya kauce wa Bebeji, a Zariya ya kafa mahaɗa. Daga nan wani ƙaramin layi ya nufi Jos a 1914, domin kwaso kuza, daga baya wani ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Sabon Gari ta tsiro a gefen tasha, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, aka kafa barikin horar da kuratan soja. A Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam yana editanta, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Mu ɗaliban Hausa ba ma bukatar a gaya mana abin da wannan wuri ya yi wa adabinmu, amma mukan manta cewa maɗaba'a wurin cin abinci ce ga masu jera haruffa da masu ɗinkin littafi da akawuna da masinjoji. A 1949 aka dawo da kwalejin da muka sani yanzu da sunan Barewa daga Kaduna zuwa Zariya. A 1959 kamfanin taba ya buɗe ma'aikatarsa.

Ita Samaru, wadda ke kan hanyar Funtuwa, kilomita goma sha wani abu daga ganuwar birni, tarihinta na boko ya fara ne a 1922, sa'ad da Ma'aikatar Gona ta Lardunan Arewa ta kafa tashar bincike a wurin. Leburorin gonar gwaji da masu gadi da kukun Turawa su ne suka fara faɗaɗa ƙauyen. A shekarun 1950 aka gina Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, reshen Zariya, a tsallaken titi. Saboda haka ranar 4 ga Oktoba 1962 da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai 426, ba sabon gini aka fara daga tushe ba. An tattara abubuwan da ke ƙasa ne, watau wannan kwaleji, da tashar binciken gona, da makarantar horar da ma'aikatan mulki ta Kongo, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a mai cin gashin kanta. Jami'ar ta tarar da tasha, ta tarar da kasuwa, ta tarar da magina da kafintoci da teloli. Shekara arba'in ana share mata fage.

Yadda kuɗin ya tsallaka titi

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin Samaru shi ne, lokacin da jami'ar ta fi wadata ba shi ne lokacin da talakan garin ya fi cin moriyarta ba. A shekarun 1960 da farkon 1970 jami'a ta ɗauke wa ɗalibi kusan kome. Tana ba shi ɗaki, tana ciyar da shi sau uku a ɗakin cin abinci, har wanki ana yi masa. Manyan malamai, waɗanda da yawansu Turawa ne da Indiyawa, suna zaune a gidajen jami'a, sayayyarsu kuma a manyan kantunan Sabon Gari ko Kaduna. Abin da ke faɗowa Samaru shi ne albashin ƙananan ma'aikata: masu shara, da direbobi, da masu dafa abinci, da masu buga tafireta. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, wanda ya cika titin Samaru da sababbin babura da rediyoyi, ya kuma tashi farashin kome a kasuwa. Waɗannan ƙananan ma'aikata su ne suka sayi filaye, suka gina gidajen laka masu rufin kwano, suka haifi 'ya'ya a garin, suka mai da shi gida.

Daga nan al'amura suka juya. A Afrilun 1978 gwamnatin soja ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini, aka yi zanga-zangar da ake kira ta Ali, da sunan kwamishinan ilmi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, sojoji suka yi harbi a Samaru, aka yi asarar rayuka. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai gaba ɗaya, a 1986 kuma aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube. Ranar 23 ga Mayun wannan shekarar 'yan sanda suka sake harbin ɗalibai a harabar jami'ar. A daidai wannan lokaci yawan ɗalibai sai hauhawa yake, daga ɗaruruwa ya koma dubbai, daga baya dubun dubata, alhali ɗakunan kwana irin su Amina da Ribadu da Sulaiman da Ɗanfodiyo ba su ƙaru daidai da haka ba.

To, abin da jami'a ta kasa yi wa ɗalibi, shi ne ya zama sana'ar mutumin gari. Da aka rufe tukunyar gwamnati, sai tukunyar mai tuwo da mai shinkafa da wake ta ɗora. Da gado ya yi ƙaranci a ciki, sai wanda ke da fili a Samaru ko Hayin Dogo ko Palladan ya tsattsaga shi ɗaki-ɗaki ya zuba 'yan haya. Da littattafai suka yi tsada, sai masu injin kwafar takardu suka buɗe shaguna a bakin ƙofa, a bayansu masu kwamfuta da masu ɗinkin kundin digiri. Ga mai shayi, ga mai aski, ga mai wankin kaya, ga ɗan acaɓa, ga direban bas mai jigila tsakanin Samaru da Kwangila da Sabon Gari da Kongo. Faɗuwar wani tashin wani, in ji Hausawa. Kuɗin da uba ya aiko daga Maiduguri ko Ilori ko Makurɗi, kafin wata ya ƙare ya bi ta hannu biyar ko shida a cikin Samaru, wani kashi nasa ma ya isa hannun manomin da ya kawo tumatir ko masara daga ƙauye.

A nan ne yankinmu ya shigo cikin labarin ta wata fuska da ba a cika ambata ba. Irin masara da dawa da gyaɗa da wake da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitarwa, waɗanda sunayensu ke farawa da SAM, sun bazu a gonakin Arewa, cibiyar kuma tana da tashar gwajin noman rani a Kadawa, a ƙarƙashin ruwan Tiga. Manomin masara a Doguwa ko Tudun Wada wanda bai taɓa taka ƙofar jami'a ba, yana iya kasancewa ya fi wani mai shago a Samaru cin amfaninta, ba tare da ya sani ba.

Daɗin zaman garin da wuyarsa

Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari a haɗe suna da mutane kimanin dubu 700. Watau gari ne matsakaici, bai kai Kano ko kusa ba, amma ya wuce a kira shi ƙaramin gari. Wannan matsakaicin girma shi ne rabin daɗinsa. Malami yana iya fita daga gida ya isa aji cikin 'yan mintoci, ya koma ya ci abincin rana da iyalinsa, abin da abokin aikinsa na Ikko ba ya ko mafarki. Abinci yana da sauƙi domin gonaki sun kewaye garin. Akwai asibitin koyarwa, wanda ya koma mazauninsa na Shika a 2005. Akwai makarantun yara masu kyau, domin inda malamai suka taru dole a sami masu koyar da 'ya'yansu. Ga kuma makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964. Sa'an nan akwai wani abu da ba a auna shi da kuɗi: yaron da ya tashi a Samaru ya saba da Bayarabe da Tibi da Babarbare tun yana firamare, ya kuma ga maƙwabcinsa ɗan mai gadi ya zama likita, saboda haka karatu ba ya yi masa kama da abin wasu mutane.

Wuyar kuwa tana tsallaken titi. Duk wanda ya fito daga harabar jami'a, da itatuwanta da faffaɗan hanyoyinta, ya shiga lungunan Samaru da damina, zai san cewa gari biyu ne suke kallon juna. An tsara ɗaya da taswira, ɗayan kuwa ya tsiro ne yadda ya samu, kowa ya gina iyakar filinsa har bakin kwata. Jami'a ta gina madatsar ruwanta a kan rafin Kubanni, mutanen gari kuwa sun shafe shekaru da dama suna dogara da rijiya da 'yan garuwa, har ƙarancin ruwan Zariya ya zama alkawarin da kowane ɗan takara ke ɗauka. Haya kuma ta tashi, domin mai gida ya gano cewa ɗalibai huɗu in suka haɗa kuɗi sun fi magidanci ɗaya biya, sai ƙaramin ma'aikaci mai iyali ya riƙa matsawa gefen gari.

Babbar wuyar dai ita ce yajin aiki. A 2020 malaman jami'o'i sun yi yajin wata tara, daga Maris zuwa Disamba, ga kullen annobar korona a kai. A 2022 suka sake yin na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Jaridu sun fi ba da labarin ɗalibin da karatunsa ya tsaya da malamin da aka riƙe wa albashi, kuma sun cancanci a tausaya musu. Amma mai tuwon da ke ɗora tukunya uku ta koma ɗora rabin ɗaya, ba ta da ƙungiya, ba wanda ya zauna teburin sulhu a madadinta, ba kuma wanda zai biya ta bashin watannin da suka wuce. A irin wannan lokaci Samaru takan ɗanɗani abin da Bebeji ta ɗanɗana da ayari ya daina sauka. Bambancin kawai shi ne ayarin Samaru yakan dawo, kuma Zariya tana da wasu ƙafafun tsayawa: barikin soja, da kasuwar hatsi, da sauran makarantun da ba sa cikin yajin.

Bagauda

Yanzu sai mu dawo gida. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, an zuba wa ƙasar Bebeji jari irin wanda ba ta taɓa gani ba. An gina madatsar Bagauda, an gina ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, an gina otal a bakin tafkin Bagauda da wani a kan dutse a Tiga, da nufin jawo 'yan yawon buɗe ido da masu taro. Ruwan Tiga ya yi aikinsa, amma galibin arzikin noman ranin ya gangara ne Kadawa da Kura da Bunkure. A Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta ci rayuka da gidaje da gonaki. Otal ɗin kuwa ya yi ta ja da baya, har wajen shekarar 2000 aka mai da wurin reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Ikko a 1962, hedkwatarta ta koma Bwari a 1997.

Wannan makaranta ba ƙarama ba ce. Ba mai shiga cikinta sai wanda ya riga ya gama digiri, kuma daga kowace kusurwa ta ƙasar nan ake turo mata ɗalibai. To, me ya hana Bagauda zama Samaru? A fahimtata dalilan a fili suke in aka gwada su da tarihin da muka bi. Karatun na shekara guda ne, a cikinta ma akwai watannin da ɗalibai ke watsewa zuwa kotuna da ofisoshin lauyoyi domin koyon aiki. Ɗalibin Samaru yana yin shekara huɗu ko biyar ko shida, ya san mai shago da suna, ya ci bashi ya biya, wani ma ya yi aure a garin. Na Bagauda kuwa kafin ya san hanyar kasuwa ya fara ɗaure kaya. Sa'an nan wurin an gina shi ne tun asali a matsayin otal, watau wurin da aka keɓe daga jama'a da gangan, mai ɗakunansa da katangarsa, nesa da tsohon gari. Ba ta tarar da tasha ko Sabon Gari ba. Uwa uba, Kano tana nan tafiyar kamar awa guda a mota, kuma tun da aka sabunta titin Zariya zuwa Kano tafiyar ta ƙara sauƙi. Babban ma'aikacin da zai iya ajiye iyalinsa a birni, inda asibiti da makarantar yara suke, me zai sa ya gina gida a bakin tafki? Kyakkyawan titi yana kawo baƙo, amma yana kuma kwashe albashi ya kai wani wuri kafin rana ta faɗi. Ba na cewa makarantar ba ta amfani kowa ba. Akwai masu gadi da masu shara da masu sayar da abinci da direbobi daga ƙauyukan kewaye da ke ci daga gare ta. Sai dai wannan shi ne matakin da Samaru take a kai tun zamanin gonar gwaji.

Wani abin lura a gefe: jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka buɗe a Wudil a 2001, a 2022 aka raɗa mata sunan Aliko Ɗangote, wanda ta wajen mahaifiyarsa tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne. Sunan zuriyar Bebeji ya hau ƙofar jami'a, amma a bakin kasuwar shanu ta Wudil, inda gada da kasuwa suka riga suka tara jama'a.

In da za a tambaye ni inda makaranta za ta fi saurin kama ƙasa a yankinmu, zan nuna Tudun Wada ko Kwanar Ɗangora kafin in nuna wani kyakkyawan fili a bakin ruwa. Tudun Wada tana kan hanyar Jos, tana da kasuwar hatsi da masu casar shinkafa, tana da nisan da zai tilasta wa malami ya kwana a garin. Kwanar Ɗangora kuwa mahaɗa ce a kan titin Zariya, motoci ba sa yankewa dare da rana. A duka wuraren biyu akwai magina da masu abinci da masu gidajen da za su karɓi baƙo tun ranar farko. Abin da babu shi ne tsarin unguwanni da magudanan ruwa da famfo, kuma waɗannan aikin ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha ne, ba na hukumar makaranta ba. A Samaru an bar wannan aiki sai bayan gidaje sun cika filin, shi ya sa har yau akwai lungunan da motar kwasar shara ba ta iya shiga.